RA'AYI: "Kashi nawa ka kammala?" Tambayar da ke durƙusar da masu digiri na uku a fannin kimiyya

A makon jiya na ci abincin rana a Area 1, Garki, tare da wani abokina tun na sakandare, wanda yanzu malami ne a sashen fiziks na wata jami'ar tarayya a Arewa. Shekararsa ta huɗu ke nan yana karatun digiri na uku, wanda muka fi sani da digirin digirgir. Bin fayil ne ya kawo shi Abuja. Kason kuɗin tallafin bincikensa na bana ya maƙale wata bakwai a wani ofishi da ba sai na kama suna ba, kuma silar maƙalewar wani ɗan akwati ne a fom ɗin rahoton ci gaban aiki, inda aka ce ya rubuta kashi nawa cikin ɗari na aikin ya kammala.

Shi kuwa aikinsa tace bayanai ne. Akwai wasu na'urori biyu a Amurka da ake kira LIGO, waɗanda ke sauraren girgizar da ke ratsa sararin samaniya, kuma masu su kan saki bayanan da suka tattara a intanet kyauta ga duk mai iya aiki da su. Abokina ya shafe shekara biyu yana neman wata siririyar alama a cikin waɗannan bayanai bai same ta ba, ya kuma rubuta hakan a rahotonsa ba tare da ƙumbiya-ƙumbiya ba. Jami'in da fayil ɗin ya isa teburinsa ya dube shi ya ce, "Malam, da hannunka fa ka rubuta ba ka gano komai ba. To ni me zan rubuta wa maigida?" Abokina ya ce, "Ranka ya daɗe, ai rashin ganowar ma sakamako ne, don yanzu an san inda ba za a sake nema ba." Jami'in ya yi murmushi, ya ce ya dawo bayan mako biyu.

Ban ga laifin wannan jami'i ba. Fom ɗin da ke gabansa da mudun kwangila aka tsara shi: titi mai kilomita 10, an zuba kwalta a kilomita 6, aiki ya kai kashi 60, sai a biya. Mudu ne mai kyau ga titi da gada da ginin ajujuwa, ya kuma hana 'yan kwangila da dama cin bulus. Sai dai binciken kimiyya na tushe ba ya aunuwa da shi. Muddin da shi za mu ci gaba da auna ɗalibanmu, to mai gaskiya ne zai riƙa shan wahala, wanda ya iya cika fom da ƙarya kuma ya wuce salin-alin. Shi ya sa na ga ya dace in yi magana da ku da irin waɗannan fayiloli ke bi ta hannunku, tun daga teburan ma'aikatu da ofisoshin hadimai har zuwa ofishin Akanta-Janar na Tarayya da ke nan Garki.

Tarihin na'urorin da abokina ke aiki da bayanansu kaɗai ya isa hujja. A 1916 Albert Einstein ya yi hasashen cewa idan abubuwa masu nauyin gaske suka yi juyi da ƙarfi ko suka yi karo, sararin samaniya shi kansa yakan motsa, motsin ya bazu ta ko'ina da saurin haske, kamar yadda igiyar ruwa ke bazuwa idan an jefa dutse a tafki. Wannan ita ce igiyar nauyi. Idan ta ratsa wuri takan miƙar da tazarar da ke tsakanin abubuwa ta gefe guda, ta matse ta ta ɗaya gefen, amma da ƙanƙantar da shi kansa Einstein bai yi zaton za a taɓa iya aunawa ba.

Domin auna ta ne aka gina LIGO, ɗaya a Hanford ta jihar Washinton, ɗaya a Livingston ta jihar Luwiziyana, da tazarar kilomita kusan 3,000 a tsakaninsu. Kowace tana da bututu biyu da suka haɗu kamar kusurwar ɗaki, tsawon kowane kilomita 4, an zuƙe iskar cikinsu. Ana raba hasken leza gida biyu a tura cikin bututun, kowane ya bugi madubi a ƙarshe ya dawo. Idan tsawon bututun bai canja ba, hasken biyu sukan soke juna a wurin haɗuwa. Idan kuwa igiya ta wuce ta miƙar da ɗaya ta matse ɗaya, sai ɗan haske ya tsira, na'ura ta gan shi. An yi su biyu nesa da juna ne don kada a ɗauki wucewar tirela ko faɗuwar itace a matsayin saƙo daga samaniya.

An fara gini a 1994, aka soma saurare a 2002. Daga nan har zuwa 2010 ba a ji ko igiya ɗaya ba. Hukumar NSF mai ɗaukar nauyin binciken kimiyya a Amurka ba ta rufe fayil ba, sai ma ta amince a kwance na'urorin a ƙara musu inganci, aikin da ya ci wasu shekaru biyar. Ranar 14 ga Satumba, 2015, igiya ta ratsa duniya, ta taɓa Livingston, bayan kashi 7 cikin dubu na daƙiƙa ta taɓa Hanford. Ta fito ne daga karon baƙaƙen ramuka biyu, wato wuraren da nauyi ya dunƙule har ko haske ba ya kuɓuce musu. Ɗaya ya ninka rana nauyi sau 36, ɗayan sau 29, kuma saƙon ya yi tafiyar shekara kusan biliyan 1.3 kafin ya iso. Motsin da ya jawo a bututun ya gaza faɗin furoton, ɗan ƙwayar da ke tsakiyar zarra, sau ɗaruruwa. An sanar da duniya ranar 11 ga Fabrairu, 2016, da sunayen masana sama da 1,000 a kan takardar, sannan a 2017 Rainer Weiss da Barry Barish da Kip Thorne suka karɓi lambar yabo ta Nobel.

To, da a ce a 2009 aka kawo fayil ɗin LIGO teburinka, mai karatu, shekara bakwai ana saurare ba a ji komai ba, kashi nawa za ka rubuta? A mudunmu sifili ne. Alhali kuwa a waɗannan shekaru ne ɗalibai masu yawa suka rubuta kundayen digirinsu na uku kan yadda za a rage rawar madubi, da yadda za a tsaftace hasken leza, da yadda kwamfuta za ta bambance saƙo daga hayaniya. Da kafaɗunsu aka hau aka ji abin da aka ji a 2015.

Wani zai ce wannan labarin Turawa ne, me ya haɗa mu da shi? Abin da ba a cika faɗa wa yaranmu a makaranta ba shi ne, akwai ɗan Najeriya a farkon wannan zare. Samuel Ejikeme Okoye, wanda aka haifa a 1939, ya gama digirin farko na fiziks a Ibadan, ya tafi Jami'ar Kambirij ta Ingila yin digiri na uku a ƙarƙashin Antony Hewish. Aikinsa sauraren igiyoyin rediyo ne da ke fitowa daga wani gajimaren samaniya da ake kira Gajimaren Ƙaguwa, wanda ke sashen sama ɗaya da taurarin da muke kira Kaza da 'Ya'yanta. Gajimaren ragowar wani tauraro ne da aka ga fashewarsa a 1054, masanan ƙasar Sin suka rubuta, haka ma wani likitan Bagadaza mai suna Ibn Butlan. A 1964 da 1965 Okoye da malaminsa suka wallafa cewa sun ji wani ɗan ƙaramin abu mai ƙarfin gaske a cikin gajimaren, wanda ilimin wancan lokaci ya kasa bayyana ko mene ne.

Da fom ɗinmu aka miƙa wa Okoye a lokacin, abin da zai iya rubutawa shi ne ya ji wani abu amma bai san shi ba. Sai a 1967 wata ɗalibar Hewish, Jocelyn Bell, ita ma tana digiri na uku, ta gano taurarin da ake kira falsa, wato gawar tauraro da ta dunƙule ta koma kamar faɗin birni guda, tana juyi tana watso igiyar rediyo a kan kari kamar bugun zuciya. A 1968 aka gano falsa a tsakiyar Gajimaren Ƙaguwa, mai juyi sau 30 a daƙiƙa, aka kuma tabbatar ita ce abin da Okoye ya ji. Hewish ya ambaci sunan ɗalibin nasa a jawabinsa na karɓar Nobel a 1974. A wannan shekarar ce kuma wani ɗalibin digiri na uku a Amurka, Russell Hulse, da malaminsa Joseph Taylor suka gano falsar da ke zagaya wani tauraro ɗan'uwanta. Da aka yi shekaru ana auna su, sai aka ga zagayen yana tsukewa daidai gwargwadon da lissafin Einstein ya ce zai tsuke idan suna zubar da ƙarfi ta hanyar igiyar nauyi. Wannan ce hujja ta farko cewa igiyar gaskiya ce, ita ce kuma ta ƙarfafa gwiwar masu neman kuɗin gina LIGO.

Okoye ya dawo gida, ya koyar a Ibadan, sannan a Jami'ar Najeriya da ke Nsukka, inda ya kafa cibiyar binciken sararin samaniya, ya kuma yaye ɗalibai irin su Farfesa Pius Okeke, wanda daga baya ya jagoranci cibiyar nazarin samaniya ta hukumar NASRDA a Nsukka. Ya rasu a 2009. Shekara guda kafin rasuwarsa, a 2008, masanan LIGO suka wallafa sakamakon sauraren da suka yi wa falsar Gajimaren Ƙaguwa, ita dai wadda ya fara ji yana ɗalibi. Ba su ji igiyar nauyi daga gare ta ba. Amma rashin jin ya nuna cewa ɗan ƙaramin kaso ne kawai na ƙarfin da take zubarwa zai iya fita ta wannan hanya, kuma masana suka karɓi wannan a matsayin ci gaba. Irin aikin da abokina ke yi ke nan, irin sakamakon da ya rubuta ke nan.

Mu ma ai mun san wannan a wani fagen. Shekaru nawa aka kwashe ana haƙar neman mai a Arewa, rijiya bayan rijiya, kafin NNPC ta sanar da samun mai a Kolmani, tsakanin Bauchi da Gombe, a 2019? Injiniyan da ya haƙa busasshiyar rijiya ya rubuta abin da ya gani a ƙarƙashin ƙasa ya yi aikinsa, domin ya rage wa na bayansa wuraren ɓata kuɗi.

Haka abin yake a ɗaya fannin, wato fiziks ɗin ɓurɓushin zarra, mai nazarin ƙananan ƙwayoyin da aka gina komai da su. A cibiyar CERN da ke kan iyakar Siwizalan da Faransa akwai rami mai zagayen kilomita 27 a ƙarƙashin ƙasa, inda ake tunkuɗa furoton da gudun da ya kusa na haske, a gwara su, a nazarci abin da ya tarwatse. A 1964 Peter Higgs da wasu masana suka yi hasashen wata ƙwaya da ke bayyana dalilin da ya sa ƙananan ƙwayoyi ke da nauyi. Ba a gan ta ba sai 4 ga Yuli, 2012, bayan shekara 48. A ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyi biyu da suka gano ta, wato ATLAS, ɗaliban digiri na uku sun haura dubu, kuma su ne ke kwana a ɗakin sa ido, su ne ke rubuta manhajojin tace bayanai. Amurka ta so ta riga Turai, ta fara haƙa nata ramin a Teksas, sai majalisarta ta soke aikin a 1993 bayan an kashe kusan dala biliyan 2, an haƙa sama da kilomita 20. Kuɗin ya tafi, ƙwayar kuma a Turai aka gano ta. Mu da muke da Ajaokuta ba ma buƙatar a yi mana tafsirin abin da tsayawa a tsakiyar kogi ke jawowa.

Akwai ƙorafin da ya kamata a saurara da kunnen basira, domin masu yin sa ba jahilai ba ne. Suna cewa ƙasar da miliyoyin yaranta ba sa zuwa makaranta, manoma sun kasa shiga gonakinsu saboda 'yan bindiga, albashi ba ya kai mutum tsakiyar wata, ina ita ina sauraren karon baƙaƙen ramuka? Na yarda da rabin maganar. Najeriya ba ta da hurumin gina LIGO, wadda ta ci sama da dala biliyan ɗaya, ko ramin CERN, kuma duk wanda ya kawo muku takardar neman haka ku mayar masa da abarsa. Abin da ake nema ya fi haka araha nesa ba kusa ba. Bayanan LIGO kyauta ne, CERN ma ta buɗe rumbun bayananta ga jama'a tun 2014. Ɗalibi na buƙatar kwamfuta mai ƙarfi, da lantarki da intanet marasa yankewa, da malamin da ya san fannin, da alawus ɗin da zai riƙe shi da iyalinsa, da kuɗin zuwa ɗakin gwaji na wasu watanni. Ku da kuke ganin takardun kwangila kun fi ni sanin ɗalibai nawa kuɗin kilomita ɗaya na babban titi a Abuja zai riƙe har su gama.

Ɗaya rabin maganar kuwa ban yarda da shi ba, wato cewa wannan ilimi ba ya taɓa rayuwar talaka. Na'urar gashin cutar daji da ke Asibitin Ƙasa na Abuja ƙanwar na'urar CERN ce, ita ma ƙwayoyi take tunkuɗawa don ta samar da hasken da ke ƙone ƙari. Kafin a kwantar da majinyaci a ƙarƙashinta, sai masanin fiziks ya auna ƙarfin hasken ya daidaita shi, domin in ya gaza cutar ta tsira, in ya zarce ya ƙone lafiyayyen nama. Duk wanda ya taɓa jinyar mai wannan cuta a ƙasar nan ya san yadda ake yawo gari-gari neman na'urar da ke aiki da mutumin da ya iya ta. A Cibiyar Bincike da Horaswa kan Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, akwai tukunyar nukiliya ta bincike da ta fara aiki a 2004 da ƙarfin kilowat 30, wadda ake gane sinadaran da ke cikin ƙasar noma da ma'adinai da abinci da ita. A 2018 masananmu, tare da takwarorinsu na Sin da Amurka da hukumar nukiliya ta duniya, suka sauya mata makamashi daga yuraniyom mai tacewar kashi 90 zuwa mai kashi 13, aka mayar wa Sin na farkon. Ba a yin irin wannan aiki da takardar shedar halartar bita ta mako biyu. Hatta shafin da kake karanta wannan rubutu a kansa, tsarinsa a CERN Tim Berners-Lee ya ƙirƙiro shi a 1989 don masana su riƙa musayar bayanai, cibiyar kuma ta sakar wa duniya shi kyauta a 1993.

Ba na cewa kowane kundi zai haifar da irin wannan. Mafi yawa ba za su haifar ba. Ribar da ƙasa ke da tabbacin samu shi ne mutumin: wanda ya yi shekara huɗu ko biyar yana koyon auna abu daidai, da tace tarin bayanai, da faɗin iyakar abin da ya sani. Irinsa ake nema a asibiti da hukumar sa ido kan nukiliya da Babban Banki da hukumar ƙididdiga.

Ƙasashen da suka yi nisa da mutane suka fara. Tun ƙarshen shekarun 1980 wasu masana a Indiya, irin su Sanjeev Dhurandhar da Bala Iyer, suke lissafin igiyar nauyi da alli da kwamfuta suna yaye ɗalibai, babu na'ura ko ɗaya a ƙasarsu. Da aka yi sanarwar 2016 akwai gomman 'yan Indiya a cikin masu takardar, kuma a Afrilun 2023 gwamnatinsu ta amince da gina LIGO ta uku a jihar Maharashtra. A nahiyarmu, Maroko ta shiga ATLAS tun 1996, Afirka ta Kudu ta bi sahu, ta kuma buɗe MeerKAT a 2018, farantai 64 masu sauraren samaniya, waɗanda yanzu ake auna bugun falsa da su don farautar igiyar nauyi. Ghana ta mayar da tsohon farantin sadarwa mai faɗin mita 32 a Kuntunse na'urar nazarin samaniya a 2017. Ruwanda ta karɓi baƙuncin reshen cibiyar fiziks ta duniya da Abdus Salam ya kafa a Italiya, kuma wanda ya fara shugabantar reshen, Omololu Akin-Ojo, ɗan Najeriya ne da ya koyar a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Afirka da ke Galadimawa a nan Abuja. A Legas ne shugabannin Afirka suka yi alƙawari a 1980 cewa kowace ƙasa za ta kai ga kashe kashi ɗaya cikin ɗari na arzikin da take samarwa kan kimiyya. Mai masaukin taron har yau ba ta kai ba.

Babbar cutar digiri na uku a wurinmu ita ce yankewa. Yajin aikin malaman jami'o'i ya ci wata tara a 2020, ya ci wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Da aka saki naira a Yunin 2023, dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin gwamnati ta haura 1,500 cikin watanni, ɗaliban da aka amince wa kuɗi da naira suka wayi gari a ƙasashen waje da abin da bai kai rabin buƙatarsu ba. Asusun TETFund ya dakatar da sabon tallafin karatu a waje daga farkon 2025, bisa dalilan tsada da ƙin dawowar wasu malamai. Dalilan ba na banza ba ne. Amma idan an ce a yi karatun a gida, to dole gida ya zama wurin da za a iya yin sa. Bincike kamar girki ne a kan murhu, idan aka janye itace a tsakiya ba a dawowa a ɗora daga inda aka tsaya. Samfuri ya lalace, lasisin manhaja ya ƙare, wani a wata ƙasa ya riga ka wallafawa, malamin da ke duba ka ya yi ritaya.

Abin da nake roƙo yana cikin ikon masu karanta wannan shafi. Na farko, a sake fom ɗin rahoton ci gaba na binciken kimiyya. A cire akwatin kashi cikin ɗari, a tambayi ɗalibi me ya auna, me ya tabbatar ba haka ba ne, ina bayanansa da manhajar da ya rubuta, me ya gabatar a gaban masana, me ya rage. A bar wa kwamitin masana fannin su yi hukunci sau ɗaya a shekara, akanta kuma ya tsaya kan rasit da bauca, inda ya fi kowa ƙwarewa. Wannan zai fi kama malalaci, domin cike "kashi 70" ba ya buƙatar komai, amma ba a yi wa masani ƙaryar bayanai cikin sauƙi.

Na biyu, ranar da aka amince da ɗalibi, a keɓe kuɗin shekarunsa gaba ɗaya, a riƙa biya a kan rana kamar albashi, kada ya jira sakin kuɗin manyan ayyuka na kowace shekara. Abin da za a kashe da kuɗin waje a ƙiyasta shi da kuɗin waje. Gara a ɗauki ɗalibai 20 a kai su gaci da a ɗauki 100 a zubar da su a hanya.

Na uku, a buɗe wa ɗalibai abin da muke da shi. Tukunyar Zariya, da na'urar tunkuɗa ƙwayoyi ta Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife, da ɗakunan gwaji na Sheda da Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Kwali, duk dukiyar tarayya ce. Ɗalibin Sakkwato ko Maiduguri ya samu kuɗin mota da masauki da na amfani da na'ura a cikin tallafinsa. Kayan gyaran na'urorin bincike kuma a sama musu hanya ta musamman a sayen kaya da fitowa daga kwastan, kada ƙaramin ƙarfe ya tsayar da ɗakin gwaji shekara guda.

Na huɗu, idan za a shiga yarjejeniya da manyan ƙungiyoyin bincike na duniya, a sa kuɗin zama mamba a kasafi a kuma biya a kan lokaci, a kare tsarin da ɗalibi zai yi rajista a gida ya je waje wata shida ko shekara ya dawo. Wanda iyalinsa da kundinsa ke gida ya fi saurin dawowa. Idan ya dawo kuma a tarbe shi da ɗan jarin fara ɗakin gwaji, domin takardar alƙawarin dawowa aiki tana iya dawo da mutum, amma ba ta iya zaunar da shi.

Na biyar na hadiman 'yan majalisa da na ministoci ne. Kun san yadda fitilun kan titi da rabon babura na ayyukan mazaɓu ke shigewa kasafin cibiyoyin bincike, har a ga adadi mai kauri a takarda alhali ɗakin gwaji babu man janareta. Ku ne ke rubuta daftarin farko. Idan maigida ya nemi inda za a saka aikin mazaɓarsa, ku nuna masa ma'aikatar da aikin ya dace da ita.

Hausawa na cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da ƙasar nan za ta buƙaci wanda zai karanta yarjejeniyar tashar nukiliya ya gane inda aka yi mata wayo, ko wanda zai daidaita sababbin na'urorin gashi a asibitocinmu, ba za a same shi da sanarwar ɗaukar aiki ta mako shida ba. Yau yana shekara ta biyu ko ta huɗu a wani sashen fiziks, yana jiran sa hannu.

Abokina ya koma jami'arsa da yammacin ranar, don yana da aji washegari da safe. Ya bar akwatin nan babu komai a ciki, ya ce ba zai rubuta adadin da bai san ma'anarsa ba. Fayil ɗinsa na nan a kan tebur a wani ofishi cikin garin nan, wataƙila ma a hawa ɗaya da naka. Rijiya dai ta bayar, saura guga. Allah Ya ba mu ikon sauke amanar da ke hannunmu.